Waɗanda Ba Za Su Ga Azumi Ba

Murja ta sake kai cokalin kunu bakin mijinta, shi kuma ya sake juya fuska wajen bango.

"Malam, ko kurɓi ɗaya. Na tsamiya ne, irin wanda kake so."

"Na ƙoshi."

Ƙoshin me? Kwana da kwanaki ke nan ba abin da ke shiga cikinsa sai ruwa, shi ma sai an yi ta lallashi kamar ana neman bashi. Likita a babban asibitin Yelwa ya riga ya gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye: ciwon shanyewar ɓarin jiki ba shi zai kashe shi ba, rashin ci ne. Ta ajiye kwanon, ta gyara masa hannun hagun da ba ya motsi, ta goge masa gefen baki da bakin zanenta.

Wannan fa shi ne Wakili Mai Kukuma. A zamaninsa, daga Yelwa har Wara babu jirgin masunta da ba a rera waƙarsa a ciki, kuma direbobin Kwantagora kan yi faɗa a kan kaset ɗinsa. Yanzu shekara biyu yana kwance, zaurensa ba kowa sai akuyar maƙwabta. Da farko an yi ta zuwa dubiya, daga baya ƙafa ta ɗauke, kamar yadda takan ɗauke. Shi ma sai ya ɗauke magana, sannan ya ɗauke cin abinci.

Hantsi bai gama dubawa ba sai ga Hussaina, autarsu, ta baro makarantar da take koyarwa. Ko sallama ba ta yi da ƙarfi ba. Ta ja uwar gefe, wajen bandar da Murja ke ƙyafe kifin sayarwa.

"Inna, ki kalli wannan. Amma don Allah ki zauna tukuna."

"Ba ni da lokacin zama. Mene ne?"

A cikin wayar wani saurayi ne mai gyararren gemu, zaune cikin mota, yana murmushi kamar mai tallar turare. Ya ce yau zai kawo tsofaffin taurarin Arewa waɗanda, a ganinsa, da wuya su ga azumi mai zuwa. Ya ce rai dai na Allah ne. Da ya gama cewa haka sai ya ci gaba da lissafi kamar da shi aka yi shawarar. Ya ambaci wani tsohon ɗan wasan kwaikwayo, da wani ɗan ƙwallo, da wata zabiya. Sai ga hoton Wakili na jikin tsohon kaset, da hula a karkace, da kukuma a kafaɗa, da dukkan haƙoransa.

Murja ta zauna a kan turmi ba ta san ta zauna ba.

"Ɗan wa ye wannan?"

"Ba a sani ba, Inna. Daga can birni yake. Tun jiya ake ta turawa."

"Ba shi da tsoho a gidansu? Allah ya isa tsakanina da shi." Sannan tsoro ya zo ya danne fushin. Mutumin da ya riga ya sallama, idan ya ji duniya ma ta sa masa rana, ai ko ruwan ba zai ƙara karɓa ba. Ta riƙe hannun ɗiyar. "Babanki ba zai ji wannan ba. Ko da wasa."

"Ni ba zan faɗa ba. Amma mutane fa?"

Ashe mutanen suna hanya. Kafin azahar sai ga wani dattijo daga Shanga, tsohon masunci, ya sauka daga babur yana share hawaye tun daga ƙofa. Ya ce ya ga abin a wayar jikansa, ya zo su yafi juna da Wakili tun da sauran numfashi. Haka aka saba a nan: idan aka ji tsoho ya yi nisa, duk wanda ya taɓa cin abinci da shi sai ya zo ya nemi gafara, ko da bai san laifin da ya yi ba.

Murja ta tare ƙofar zaure da jikinta, ita da ba ta saba fitowa gaban maza babu mayafi ba.

"Baba, za ka shiga, amma da sharaɗi. Ba kuka, ba neman yafiya, ba maganar waya. Ka ce kasuwa ka zo, ka biyo ku gaisa."

Dattijon ya goge fuska, ya shiga, ya ce kasuwa ya zo. Bayansa wasu mata biyu suka zo daga tungar masunta da kifi a ƙwarya, su ma aka karanta masu sharaɗin, su ma kasuwa suka zo. Bitrus mai gyaran injin jirgi, wanda Wakili ya yi wa kiɗa kyauta ranar bikinsa, ya zo da matarsa da lemo a leda. Ya tsaya a bakin gado yana murza hula, idonsa ja wur, ya ce, "Kasuwa muka zo, Baba."

Wakili yana kwance yana binsu da ido ɗaya bayan ɗaya. Da ɗakin ya ɗan sarara ya kira matarsa da muryar nan da ta koma rabi.

"Murja."

"Na'am, Malam."

"An sauya ranar kasuwar Yauri ne ban sani ba?"

Sai yanzu Murja ta ankara. Ita da ta shekara talatin tana kai kifi kasuwar nan, cikin ruɗewa ta ba kowa ƙarya ɗaya, ta manta yau ba rana ba ce. Ta ce bari ta duba wuta, kifi zai ƙone. Ta fita ta tsaya cikin hayaƙin banda, inda ba mai tambayar dalilin hawaye.

Da la'asar sakaliya sai ga wanda ba ta da ƙarfin tarewa. Tamada ne, makaɗin kalangun Wakili tun suna samari, ya taso daga Wara a jirgin inji tun da asuba. Ya rame, ido ɗaya ya yi fari, yana dogara sanda, amma bakin nan yana nan yadda ta san shi. Ta fara karanta masa sharaɗi, ya ɗaga mata hannu.

"Uwargida, ni ba kuka na zo yi ba. Ƙara na kawo."

"Malam Tamada, don girman Allah..."

Ina! Ya riga ya ɗaga labule. Ya tsaya a kan abokinsa, ya ƙare masa kallo da idon da ya rage, ya buga sanda ƙasa.

"Wakili, ka gaya mini, mi na yi wa yaron ga? Wa ya girmi wani, ni da kai? Ni. Wa ke da ciwon suga, ga hawan jini, ga ido ɗaya? Ni. Shekara arba'in ina bayanka ina kiɗa, a kaset ba a sa hotona ba, na haƙura. Yanzu an tashi lissafin masu mutuwa, nan ma kai kaɗai aka sani. Ko mutuwar ma sai mai waƙa?"

Hussaina ta rufe baki da tafin hannu. Murja ta jingina da bango, ta kasa kallon gadon.

Sai ta ji wani sauti kamar tari. Ta waiga da sauri. Ƙirjin Wakili ne ke rawa, rabin bakinsa mai rai ya ja sama. Dariya yake, irin wadda ta manta yana da ita.

"Zauna, tsohon banza," ya ce. "Wane lissafi?"

Ba yadda aka iya. Hussaina ta dubi uwarta, uwar ta sunkuyar da kai, aka kawo wayar aka riƙe masa kusa da fuska. Ya kalli saurayin nan har ƙarshe. Da aka zo kan hotonsa, an saka ɗan guntun waƙarsa a ƙarƙashi, muryar saurayi mai ƙarfi da kukuma tana kuka a bayanta, kalangu yana amsawa.

"Ka ji hannuna," in ji Tamada a hankali.

"Ka yi sauri a nan. Kullum sai na gaya maka."

"Kai ne ka yi nawa."

Wakili ya sa aka maimaita wajen. Sannan ya tambayi ɗiyarsa mutum nawa suka kalla. Ta ce sun fi mutanen garin nan yawa. Ya ce me suke cewa? Ta fara karanto masa abin da aka rubuta a ƙasa, tana tsallake na marasa kunya. Wani ya ce da waƙar nan ubansa ke tashinsu zuwa su. Wata daga Legas ta ce ita da ta ɗauka ya daɗe da rasuwa, Allah ya ba shi lafiya. Wasu kuwa zagin saurayin kawai suke yi.

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Murja tana jiran ya juya fuska wajen bango, ta riga ta shirya zuciyarta.

"Ashe ba su manta ba," ya ce. Can kuma ya ce, "Kifin da matan nan suka kawo, wane iri ne?"

"Ragon ruwa ne, Malam."

"A yi farfesu. Tamada ya sha hanya, kada ya mutu a gidana a ce ni na riga shi shiga lissafi da zamba."

Ta yi farfesun da sauri, har ta kusa zuba gishiri sau biyu. Tamada ya ci nasa yana surutu. Wakili ya karɓi cokali daga hannunta, ya haɗiye, ya sake buɗe baki. Bai ci da yawa ba, amma ya ci, har ya ce yaji ya yi kaɗan.

Da Tamada ya fita alwalar magariba, suka rage su biyu. Murja tana tattara kwanuka, abin da ke cinta ya ƙi zama a ciki. Ta yi murna, wallahi ta yi murna, amma akwai ciwo a ƙarƙashin murnar.

"Malam, ni kullum ina durƙushe a gabanka ina roƙo, ba ka ci don ni ba. Sai da wani ɗan da bai san ka ba ya yi maka fatan mutuwa."

Ya lalubo hannunta da hannunsa mai rai.

"Ina jin ki da asuba, in kin ɗaga ni, yadda bayanki ke ƙara. Ina jin kina nishi kina ɓoyewa. Na duba, na ga ba wanda ya san ina raye sai ke, ke ɗin kuma wahala ce kawai nake ba ki. Na ce gara in rage miki."

"Wa ya ce ka rage mini? Na kai ƙara wajenka?"

"Ba ki kai ba."

"To kada ka ƙara yanke mini hukunci." Ta matse hannun nasa. "Bayana nawa ne."

Bai saki hannun ba. Sannan ya ce gobe idan Bitrus zai samu dama, a kama shi a fitar da shi zaure, a sa masa hula. Bai kamata baƙi su riƙa samunsa kwance kamar kayan wanki ba.

Ta fito tsakar gida. Hussaina tana ɗaura mayafi za ta koma gidan mijinta. Murja ta tsaya tana kallon wayar da ke hannun ɗiyar, tana tunanin goben. Na kusa duk sun zo yau. Jibi kuma zauren zai koma na akuya, shi kuma ya koma wajen bango.

"Hussaina, abin nan, mutanen Ngaski sun gani?"

"Ban sani ba, Inna."

"Na tsallaken ruwa fa? Da 'yan uwansa na Kwantagora?"

"Da wuya. Amma ana cewa in mutane da yawa suka kai ƙara, za a iya goge shi. Ko in..."

"A'a." Murja ta girgiza kai. Bakinta ya yi mata ɗaci, don ta san abin da take shirin yaɗawa da hannunta, kuma ta san watakila yaron ya faɗi gaskiya. "Tura masu. Kowa da kowa. Amma ki ce kada su zo rana ɗaya."