Kunkurun Auta a Hannun Mai Guduma

Garin nan dai ruwa ne ya haife shi. In ba a yi ruwan sama da safe ba, a jira shi da la'asar, in kuwa ya yafe a ranar, iskar ma kaɗai ta isa ta jiƙa maka riga. Gishiri ya narke a kwalba, ashana ta ƙi kamawa, takalmin da ka ajiye a bayan ƙofa ka dawo ka tarar ya yi gemun fumfuna. Kowa ya saba ya haƙura, ban da mutum guda: Mai Guduma, mai gyaran jikin mota a bakin babban titi, wanda tun yana saurayi yake gaba da danshi kamar shi ya kashe masa kaka. A wurinsa duk masifar duniya daga nan take farawa. Danshi ya haifi tsatsa, tsatsa ta ci mota, mai mota ya zo ya cika masa kunne. Ko tsakar gidansa sai da ya malale da siminti har jikin katanga, don kada ƙasa ta sami inda za ta riƙe ruwa.

To, irin wannan mutum ne aka bar wa renon kunkuru.

Autarsa ce ta jawo. Ta sami aiki a wani gari mai nisa, ɗakin da aka ba ta kuma ba a yarda da dabba ba ko ta kirki. Ga shi tana da ɗan kunkuru da bai wuce tafin hannu ba, irin na ƙasashen rairayi masu ƙaya a cinya, waɗanda in sun girma sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗaga su. Ta raɗa masa suna Gaggawa.

Da ta kawo akwatin katakonsa gaban uwarta, uwar ko kallo bai ishe ta ba.

"Ni na yi reno na gama," in ji ta. "Ga babanki nan."

Auta ta dubi uban, ta dubi kunkurun. "Mama, Baba fa? Ko ƙwai aka ba shi ajiya sai ya shafa masa man hana tsatsa."

"Ina jin ki fa," in ji Mai Guduma daga bayan kofin shayinsa.

Ba yadda ta iya, ta durƙusa ta yi masa bayani dalla-dalla. Kullum da safe a sa shi a ruwa mai ɗumi ya ɗan jiƙu. Ƙasar akwatin kada a bar ta ta bushe. Ciyawa ce abincinsa. Yana ta gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya yanke hukunci tun kafin a fara shari'a. Har ta kai ƙofa da jakarta, sai ta juyo.

"Baba, in na zo hutu na ga bai ji daɗi ba, gidan Goggo zan kai shi. Ita tana da lambu."

Nan ne maganar ta soke shi. Goggon nan yayarsa ce, wadda tun suna yara take yayata cewa ba a ba shi riƙon abu mai rai. A ce yau, da furfurarsa, a ɗauke kunkuru daga gidansa a kai mata? Ai ya shiga uku da dariya har ƙarshen rayuwarsa.

Motar Auta ba ta gama fita daga gari ba ya tsoma yatsa a ƙasar akwatin, ya ji ta sharkaf. Ya girgiza kai. Yaran yanzu da karatunsu. Dabbar da Allah ya halitta a ƙasar da ake shekara ba a ga hadari ba, ita za a kwantar a laka, a garin da ƙarfe ma ba ya tsira? Ya juye ƙasar a bola, ya shimfiɗa busasshiyar dusar katako, ya kife kwanon ruwan. Washegari ya ɗaure akwatin a bayan babur ya tafi da shi gareji, ya ba shi masauki a wuri mafi daraja da yake da shi, wato lungun da yake busar da fenti, ƙarƙashin fitila mai zafi.

A gaskiya ba za a ce bai kula da shi ba. Kula kam har ta yi yawa. Ciyawa sai ya shanya ta ta bushe kafin ya ba shi. In hadari ya haɗo, kafin ya rufe motar mutane sai ya rufe Gaggawa. Yana da wani ƙyalle mai laushi na musamman da yake goge masa baya da shi safe da yamma. Abin da bai shirya masa ba shi ne shaƙuwa. Mutumin da ba ya iya haɗa magana uku da matarsa ba tare da ya sako zancen farashin fenti ba, sai ga shi yana hira da kunkuru.

"Ka ga wannan?" ya kan ce, yana nuna masa ƙofar mota da ta lotse. "Wai bango ne ya zo ya same shi. Haka suke cewa kullum."

Gaggawa ya miƙo wuya, ya yi masa kallon tsohon alƙali, ya koma tauna. Mai Guduma ya ji daɗi har cikin ransa. Ya daɗe bai sami wanda yake saurarensa haka ba.

Duk lokacin da Auta ta kira ta ce, "Baba, ana sa shi a ruwa kuwa?" sai ya ce, "Ke dai ki yi aikinki, yana hannu na gari." Ba ƙarya ya yi ba, bai dai amsa tambayar ba ne.

Watanni suka shuɗe. Mai Guduma yana da wata ɗabi'a ta sana'a: ba ya yarda da ido. In ya gama gyara, sai ya rufe idanu ya bi jikin motar da tafin hannu, duk inda ya rage ɗan tudu ko ɗan kwari, hannun zai gaya masa. Wata safiya, cikin wasa, ya rufe ido ya shafa bayan Gaggawa. Sai ya dakata. Ya sake shafawa. Kowane gida na ƙoƙon bayan ya tasa a tsakiya, tudu-tudu, kamar an jera ƙananan murafen kwalba a ƙarƙashi. Da ya lura da kyau kuma, idanun Gaggawa sun faɗa ciki, ciyawar jiya tana nan ba a taɓa ba.

Ya yi wa abin fassara irin tasa. Danshi ne. Duk tsaron da ya yi, munafukin ya sami hanya ya shiga ta ƙasa, ga shi ya kumbura ƙoƙon yadda tsatsa take kumbura fenti. Ya ƙara matso da fitilar. Tudun ba su sauka ba, Gaggawa kuwa ya daina miƙo wuya in ana masa hira.

Ranar da ba ya zuwa gareji, ya zauna a tsakar gida da kunkurun, wanda ya taho da shi gida, ya ɗora shi a cinya, ya zaro samfefa mafi laushi da yake da ita, irin wadda ake gamawa da ita kafin a sa fenti. Ba da yawa ba, ya gaya wa kansa. A ɗan rage kawunan ne kawai kafin Auta ta gani. Ya goga sau ɗaya, a hankali. Gaggawa ya yi wani huci, ya janye kai da ƙafafu gaba ɗaya ya shige ciki.

Hannun Mai Guduma ya tsaya cak. Shekara da shekaru yana goge ƙarfe, ba wanda ya taɓa janye jiki.

"Malam, me nake gani haka?"

Matarsa ce tsaye da kwandon shanya a kunkumi. Ta dubi samfefar, ta dubi mijinta.

"Garin neman gira za ka rasa ido. Tashi ka sa riga, wurin likita za mu."

Likitar dabbobin mace ce mai fara'a, ɗakinta yana warin sabulu da jiƙaƙƙen kare. Ta juya Gaggawa, ta auna shi, ta leƙa idanunsa, ta ce, "Baba, sau nawa yake shiga ruwa?"

Mai Guduma ya gyara zama. Nan kam ya san ba a kama shi ba. "Likita, tun da ya zo hannuna, ko ɗigo bai taɓa shi ba. A garin nan fa. Ki tambayi maman yara."

"Na shaida," in ji matar, tana kallon silin.

Likita ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta yi masa bayani a hankali, kamar yadda ake gaya wa mutum rasuwa. Gaskiya ne ƙasarsu busasshiya ce, amma ƙanana irin wannan ba a sarari suke zama ba. Rami suke shiga can ƙasa, inda akwai ɗumi da danshi, a nan ƙoƙon yake girma sumul. In ya bushe, sai ya riƙa tasawa haka. Sanyi haɗe da jiƙa shi ne abin tsoro, ba danshi mai ɗumi ba. Garin nan ma, in ji ta, da an bar shi da ƙasarsa, rabin aikin iska ce za ta yi kyauta.

"Ƙishirwa ce take neman kashe shi, Baba."

Mai Guduma ya ji kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi, tausayi kuma ya biyo baya, wanda ya fi kunyar ciwo. Da ƙyar ya ce, "To, tudun nan, yaya ake mayar da su?"

"Ba a mayarwa. Wanda ya fito ya fito ke nan, da shi zai tsufa. Amma wanda zai tsiro nan gaba, in an gyara, zai iya fitowa daidai."

Wannan magana ba ta cikin sana'arsa. A garejinsa ba a taɓa kawo lotsawar da aka ce a haƙura da ita ba.

Da suka dawo gida, matar ta haɗa ruwa a ƙaramin baho, ta nuna masa yadda ake gwada ɗuminsa da gwiwar hannu. Ya sa Gaggawa a ciki, ruwan iya haɓarsa. Kunkurun ya yi shiru kamar ba zai motsa ba. Can sai ya tsoma baki, maƙogwaronsa ya fara motsi. Ya sha, ya sha, ya sha. Mai Guduma yana tsugune yana kallo, har matar ta ga ya kamata ta shiga ɗaki ta ba shi wuri.

Washegari maƙwabta suka ji dukan ƙarfe a kan siminti, suka leƙo. Mai Guduma ne da babbar gudumarsa yana farfasa tsakar gidan da ya malale da hannunsa. Ya kwashe ɓaraguzai daga kusurwar da rana take fara sauka, ya zuba ƙasa, ya shuka ciyawa, ya ƙera ɗan ɗaki mai rufi don kada ruwan sama ya kwanta a ciki. Ya sayo sabuwar bindigar feshi da ba ta taɓa ganin fenti ba, ya cika ta da ruwa. Kullum da hantsi sai a gan shi yana fesa ƙasa a natse, layi-layi, yadda yake fesa motar manya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana korar danshi, yau shi yake kawo shi gida da kuɗinsa. Matar ta ce da ta san kunkuru ne maganinsa, da tun suna amare ta sayo.

Gaggawa ya murmure. Ya koma ci kamar fara, ya haƙa rami a gindin katanga, ya cinye wa matar shukar da take ji da ita a tukunya. Amma tudun suna nan daram, kullum hannun Mai Guduma sai ya gaya masa.

Auta ta iso da safe, daidai lokacin wanka. Uwar ta riga ta fesa mata komai a waya, har da samfefa, don haka da kwandon roba mai murfi ta shigo, wanda za ta sa kunkurun a ciki zuwa gidan Goggo. Suka gaisa. Mai Guduma bai tashi daga gaban bahon ba, bai kuma nemi ɓoye komai ba. Ta durƙusa, ta bi tudun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, fuskarta ba yabo ba fallasa. A gefen kowane gida akwai wani siririn layi mai haske, sabon tsiro, a kwance sumul. Ta gan shi, ta bi shi da yatsa shi ma.

Ya tsoma gwiwar hannu ya gwada ruwan. Ya ɗebo da tafi yana zuba wa Gaggawa a baya kaɗan-kaɗan, yana kare masa hanci da babban yatsa, yana masa magana ƙasa-ƙasa, wai ya yi haƙuri, an kusa gamawa. Auta ta daɗe tana kallon hannun nan mai kanta da tabon ƙuna. Sai ta juya wurin uwarta.

"Mama, ni ma haka ya riƙa yi min wanka?"

Uwar ta kwashe da dariya. "Wa? Wannan? Ko ɗaukarki ba ya yi. Sai an ɗora masa ke a cinya, ya sandare kamar an ba shi ajiyar gilashi, yana kiran a zo a karɓa."

Mai Guduma bai ɗago ba. "Hannun guduma ne da ni," ya ce. "Tsoro nake ji kada in ji miki ciwo."

Dariyar uwar ta tsaya. Ya ƙara ɗebo ruwa ya zuba.

"Auta, kada ki kai shi gidan Goggonki. Yanzu na fara iyawa."

Auta ba ta taɓa jin ubanta ya roƙi kowa komai ba. Tausayinsa ya kama ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta dubi kwandon da ke hannunta. Sai ta kife shi a ƙasa kusa da uban, ta zauna a kai, ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu a bahon.

"Ruwan ya huce, Baba," ta ce. "Miƙo min butar, in ƙara mana na zafi."