Ranar Da Baba Ya Ba Da Jini

Aikina a ɗakin gwaji na asibitinmu a birnin Iași ba mai wuyar faɗa ba ne. Ana kawo mini jinin masu sankarar jini, in ware ƙwayoyin garkuwar jiki daga ciki, in zuba musu sukari, in auna yadda suke ci da yadda suke shaƙar iska. A jikin mai wannan ciwo sau da yawa za ka tarar sun gaji, abinci na gabansu amma ba sa iya amfana da shi. Muna son sanin dalili.

Matsalar ita ce sai an gwada da jinin masu lafiya, kuma sa'o'in marasa lafiyar. Majinyatanmu galibi tsofaffi ne, masu kawo mana jini kuwa duk ɗalibai.

Wata Lahadi na yi wannan ƙorafin muna cin tuwon masara da cuku a gidan Baba. Babana, Anghel, direban jirgin ƙasa na cikin gari ne da ya yi ritaya. Tare da mu akwai amininsa Kawu Costache, wanda suka yi aiki tare tun ina goye. A bazarar shekarar aka gano Kawu yana da sankarar jinin, har ya fara zuwa asibitinmu karɓar magani.

Kawu ya ajiye cokali ya nuna Baba da haɓa. "To Ilinca, ga tsoho nan a gabanki, lafiyayye kamar doki, ba abin da yake yi sai ci da gardama."

"Ni jinina ba na gwaji ba ne," in ji Baba.

"Faɗa mata gaskiya dai. Tsoron allura yake, 'yar nan. Ranar da aka yi mana rigakafi a wurin aiki, a banɗaki aka samo shi."

"Cikina ne ya ɓaci ranar."

"Ai har yau bai gyaru ba."

Na ce a bar maganar, ba dole. Na san Babana. Mutum ne da ya taɓa fitowa daga jirgi ya raba 'yan maye masu faɗa da kwalabe, amma ko zare zai zura a allura sai ya kau da kai.

Ranar Alhamis da safe ina wanke kwalaben gwaji, sai Veturia, nas ɗin da ke ɗibar mana jini, ta leƙo. "Wasu dattawa biyu na nemanki. Ɗaya ya sha kwat kamar mai zuwa ɗaurin aure."

Baba ne, da kwat ɗin da ya sa a bikina, ya yi aski, bai karya ba. Kawu Costache na gefensa da hular ulu da takunkumi a fuska, dama ranar ganin likitansa ce.

"Hanya ce ta biyo da ni," in ji Baba. "Na rako wannan ne kada iska ta ɗauke shi."

Veturia ta karanta masa bayanin binciken, ya sa hannu, ya zauna ya naɗe hannun riga. Tana fito da allura na ga fuskarsa ta yi fari fat, gumi ya tsatso a goshinsa. Na buɗe baki zan ce a fasa, Kawu ya riga ni. Ya ja kujera ya zauna dab da shi, ya kama ɗaya hannun. Hannun Kawu duk tabon allura ne, ya rame har zobensa na yawo a yatsa.

"Dube ni nan, matsoraci. Faɗa mini tashoshin layinka na dā, daga farko."

Baba ya fara jerowa da muryar da ba tasa ba. Ya kai tsakiya Kawu ya ce ya tsallake ɗaya.

"Ban tsallake ba."

"Ta gaban gidan burodi fa?"

"Wannan ai bayan na bar layin aka yi ta. Kai da ba ka taɓa isa tasha kan lokaci ba, kai za ka koya mini?"

Suna cikin haka Veturia ta manna masa auduga ta ce an gama. Baba ya dubi kwalaben, ya dubi hannunsa. "Shi ke nan?" Ya miƙe da ƙarfinsa, sai ƙafafu suka ƙi, ya koma ya zauna. Muka ba shi shayi mai sukari da biskit. Kawu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Baba kuma ya shiga bubbuga masa baya yana cewa Allah ya ƙara.

Da rana na ware ƙwayoyin, na ɗiga kaɗan a gilashi na sa a madubin gwaji. Na sha ganin irinsu, ƙananan dunƙulallun halittu masu sheƙi, amma ranar na daɗe ina kallo kafin in ci gaba da aiki.

Lahadin da ta biyo suka tsare ni da tambaya. Baba na son sanin ko ƙwayoyin jininsa sun fi na Costache ci.

Na ce, "Baba, da zarar jini ya shiga bincike lamba ce a jikinsa, ba suna. Kuma ko na sani ba zan faɗa ba."

"Idan sun gaje shi, sai kin ƙaro sukari," in ji Kawu.

Bayan Kawu ya tafi, ina wanke kwanuka, Baba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza tawul. Ya tambaye ni a hankali ko jinin nan nasa zai warkar da Costache. Na ce a'a, ba haka abin yake ba. Binciken na da nisa, wataƙila sai waɗanda za su kamu nan gaba ne za su ci moriyarsa. Sai ya sake tambaya.

"To shi me zai yi masa amfani yanzu?"

Na ce ya ci abinci, ya guji masu mura, kuma kada ya riƙa zuwa asibiti shi kaɗai.

Tun daga nan Baba ne ke kai shi duk ranar magani. Ya kuma bi tsofaffin abokan aikinsu ɗaya bayan ɗaya yana aiko mana su, har shugabarmu ta ce in roƙe shi ya dakata, firjinmu ya cika. Lokacin sanyi ya yi wa Kawu tsanani, ya kwanta a asibiti da zazzaɓi, muka tsorata ƙwarai. Amma ya tashi. Da dusar ƙanƙara ta narke likita ya ce ciwon ya lafa, a ci gaba da sa ido.

Yanzu duk ranar da suka zo, ina sauka in same su a benci a farfajiya, mu sha kofi kafin in koma sama. Kawu ya fara maida jiki, gashinsa na fitowa fari sol. Baba ya ce sanƙon ya fi yi masa kyau.