Hannun da Ya Zana Mai Shuni

Zazzaɓin bai tashi kama ni ba sai ranar da zan yanke hukunci. Bayan azahar na shigo gida ina rawar ɗari, Yaya Hansatu ta ɗura mini magani ta lulluɓe ni da bargo, alhali garin Zariya na tafasa da zafi. Bayan la'asar majalisarmu za ta zauna a wani shagon gyaran waya a Tudun Wada, mu masu karanta littafin zane na jarumi Mai Shuni, a tsayar da magana ɗaya: sabon Mai Shunin da aka fito da shi namu ne, ko kuwa mu ƙaurace masa? Kowa ya san abin da ni Jazuli na faɗa shi za a bi. Dokar majalisar ita ce ba ka kawo hujja sai ka faɗi fitowa ta nawa, shafi na nawa, ni kuwa duk suna cikin kaina.

Tsohon Mai Shuni ɗan marina ne. Ya faɗa ramin karofi yana yaro, ya fito da hannuwa shuɗaye har gwiwa, ƙarfe ba ya kama su. Sabon kuwa ɗalibin jami'a ne, an share karofin, an share mahaifiyarsa Inna Kande, har murmushi aka koya masa. Wannan shi ne abin da nake faɗa wa mutane. Abin da ba na faɗa shi ne, Tasi'u aka ba aikin zana sabon. Tasi'u abokina, wanda ni na fara ara masa littafin lokacin bai san ta ina ake fara karanta shafi ba. Ƙyashi nake ji, mai ɗaci, wanda ya fi maganin da ke maƙale a maƙogwarona.

Ina kallon silin idona na lumshewa, sai na ga ya tsattsage ya zama gida-gida irin na shafin littafi. Gadon ya karkata, na zame, na faɗa cikin farin layin nan da ke raba zane da zane. Doguwar hanya ce fara fat, ba ƙasa ba sama. Dama da hagu tagogi ne, kowace da abin da ya daskare a cikinta: wani ya ɗaga naushi bai sauke ba, wata mota na rataye a iska, wata mata ta buɗe baki za ta yi ihu tun shekarar da na gama firamare.

A gefen hanyar wata tsohuwa na zaune. Jikinta na roba ne, irin wadda ake goge fensir da ita, kafaɗunta duk sun cinye.

"Sannu, Iya. Nan ina ne?"

"Nan ake yin duk abin da ba a zana ba," in ji ta. "Biyo ni, ɗan nan, kuma ka daina taka gefe."

Ta shige gaba. Tana tafiya tana zubar da ɓurɓushi, kuma duk taku sai ta ƙara ƙanƙancewa.

Hanyar ta buɗe ta zama kasuwa. 'Yan majalisarmu ne cike da ita, sai dai kawunansu shafuka ne, iska na buɗe su tana rufewa. Ba a jin muryar kowa. Maganar mutum a rubuce take fitowa cikin farin ƙwai bisa kansa, yadda ake yi a littafin. Lurwanu mai shagon ya daki ƙirji, ƙwansa ya ce, "Mai Shuni bai taɓa murmushi ba."

Na Sakina, wadda ba ta taɓa yarda da Lurwanu a kan komai ba, ya ce, "Ya yi, a fitowa ta sha huɗu, shafin ƙarshe."

"Wannan yaƙe ne, Malama, ba murmushi ba."

Ƙwayayen suka yi karo suka fashe, haruffa suka zubo ƙasa, wasu kaji masu ƙafar alƙalami suka bi suna tsattsagewa. Sai wani ya hango ni, kasuwar duka ta juyo.

Na gyara tsayuwa yadda na saba, na ce, "Ni asalin labari nake karewa."

Ba wanda ya dubi bakina, sama suke kallo. Na ɗaga kai. Ƙwan da ke bisa kaina ya rubuta da manyan baƙi: "Me ya sa shi, ba ni ba?"

Na cire hula na rufe shi, ya kumbura ya fi ƙarfin hular. Sakina ta matso tana bin rubutun da yatsa a hankali, kamar mai koyon karatu. Kunya ta rufe ni har na fi son a mare ni. Ƙwan ya ci gaba da kumbura har ya ɗaga ni sama, tsohuwar na maƙale da gefen wandona, muka haye wani kogin shuni da ke gudu yana hawa tudu.

Ya sauke mu a wani tsakar gida mai shiru. Nan waɗanda aka share daga labari suke zama. Jikinsu layi ne kawai, ana hango bango ta cikinsu. Inna Kande na kan tabarma tana tsince wake a faifan da babu wake. Kusa da ita tsohon Mai Shuni ne, yana matse wani ƙyalle da ba ya daina ɗiga. Na durƙusa, don tun ina ɗan aji uku nake mafarkin ganinsa.

"Ranka ya daɗe, an ci amanarka. An raba ka da uwa, an ba ka haƙoran talla."

Bai ɗago ba. "Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Ni ne mai kare ka."

"Fitowa ta nawa?" ya ce. "Shafi na nawa?"

Na laluba kaina kaf, daga bangon farko har na ƙarshe. Na sami sunan dokin da ya bayyana sau ɗaya, na sami launin ƙofar gidan maƙiyinsa, amma ban sami kaina ba.

Inna Kande ta yi dariya ba sauti. "Ni dai an kashe ni an dawo da ni, an kuma kashe ni an dawo da ni. Wannan karon na samu na miƙe ƙafa, ɗan nan, kada ka tayar mini da rigima."

Mai Shuni ya zaro fensir daga bayan kunnensa ya miƙo mini. "Tunda ka san ni, zana ni yadda nake."

Ƙasar gidan ta zama takarda. Na san komai, na san tabon girarsa ta hagu, na san yadda rigarsa ke karyewa a kafaɗa. Amma da na ja layi sai ya lauje ya bi hanyarsa. Na zana fuska, ta fito ta Tasi'u. Na matsa gefe na sake, Tasi'u ne dai, kansa a sunkuye, harshensa ɗan waje yadda yake yi idan aiki ya ɗauke shi. Lokacin da nake haddace shafuka, shi yana kwafar su ne a bayan kwalin sabulu. Na cika tsakar gidan da fuskarsa, duk suna kallon ƙasa, ba wadda ta damu da ni. Wannan rashin damuwar ya fi komai ƙona mini rai.

Na ji ana taɓa ƙafata. Tsohuwar ce, yanzu ba ta wuce girman dabino ba.

"Zane ya gagare ka," ta ce. "Ni ba na gagarar kowa. Ɗauke ni."

Na ɗauke ta. Bangon gidan ya kwanta, wani ƙaton shafi ya miƙe a wurinsa, sabon Mai Shuni na tsaye a ciki, tawadarsa ko bushewa ba ta yi ba. Wallahi ya yi kyau. Har murmushin da nake zagi ya zauna masa, irin na mutumin da ya sha wuya ya daina ba da labarinta. 'Yan majalisa suka jeru a bayana, ƙwayayen kansu fari fat, suna jiran abin da zan ce su cika da shi.

Na ɗora tsohuwar a kan shuɗin hannunsa na dama na fara murzawa. Shunin ya fita cikin sauƙi, har da daɗi. Amma abin da ke ƙarƙashi ba farar takarda ba ce. Hannun mutum ne, mai kantar riƙon fensir a yatsan tsakiya, gefen tafin ya yi baƙi da fensir. Na gane shi nan take, na Tasi'u ne, kuma ban tsaya ba. Ɗan ƙaramin yatsan ya ɓace, na kusa da shi ya bi shi. Hannun bai janye ba, yana ta ƙoƙarin ƙarasa wani layi da abin da ya rage masa.

Wani ɗan ƙwai ya fito daga gefen shafin, rubutunsa ƙanana: "Jazuli, duba mini, layin nan ya yi daidai?"

Na so in saki robar, ta manne a yatsuna. Hannuna na ta murzawa shi kaɗai. Fensirin ya suɓuce daga hannun da ba shi da sauran abin riƙewa, ya yi ta faɗuwa, ya yi ta faɗuwa, na buɗe baki in kira sunansa.

"Kai, tashi mana."

Yaya Hansatu ce ke jijjiga ni. Na jiƙe sharkaf da gumi, ana kiran la'asar a masallacin layinmu.

"Kana ta murzar zanin gado kamar mai wanki," ta ce. "Tasi'u ne a zaure tun ɗazu. Wai zanen fitowa ta biyu ya kawo, ya ce ba wanda zai gani kafin kai. In ce ya dawo gobe?"

Na yunƙura na tashi zaune. "Ki ce ya shigo."

Ya yi sallama ya miƙo mini hannu. Na riƙe, na kasa saki, ina bin yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Lafiya, Jazuli? Jikin ne?"

"Jikin ne," na ce.

Ya ajiye shafukan a kan bargona ya zauna a bakin gado yana jiran in buɗe. Ni kuwa na tura hannuna ƙarƙashin cinya na danne, don har lokacin ina jin ɓurɓushin roba a yatsuna.