Sa Hannu na Goma Sha Biyu

Malam Abbo Njidda ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin akawu, tun ana kiran jihar Gongola har aka yanke Taraba, kuma bai taɓa barin takarda ta kwana a teburinsa ba tare da ya san inda za ta nufa washegari ba. Da ya ajiye aiki ya zauna a gidansa na Majidaɗi, sai ya ci gaba da auna duniya da wannan ma'auni: kowace takarda tana da hanyarta, daga ƙaramin tebur zuwa babba, kuma duk teburin da ta sauka, mai shi zai sa mata hannu.

Abu ɗaya ne ya hana shi jin daɗin hutunsa. Ƙauyensu na asali yana bakin Binuwai ne, a ƙasar Lau, kuma kowace damina kogin yana gutsurar gaɓar da maƙabarta take. A can aka binne matarsa Asta. Shekarar da ta rasu ya auna da ƙafarsa, taku arba'in da biyu ne tsakanin kabarinta da ruwa. Bara da ya auna, taku tara ya samu.

Limamin ƙauyen ya yi masa magana ba sau ɗaya ba. Ya ce malamai sun halatta a sauya wa mamaci makwanci idan ruwa zai ci shi, kuma gidaje da dama sun riga sun mayar da nasu kan tudu. Malam Abbo yakan saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, magana tana gaban hukuma. Idan aka zo gina katanga aka tarar mun kwashe kowa, me za a kare?"

Domin kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan yana rubuta wa wani ofishi a Abuja takardar koke, yana roƙon a gina katangar dutse a gaɓar, yana haɗawa da zanen wurin da lissafin takun da ya rage. Kowace shekara amsa tana zuwa, layi uku da Turanci: an karɓi takardarsa, ana duba ta, za a sanar da shi. A ƙasa akwai hatimi, da sa hannu a madadin darakta. Abin da ya riƙe zuciyarsa shi ne, bai taɓa ganin sa hannu ɗaya ya maimaitu ba. A aikin da ya sani, sabon hannu yana nufin sabon tebur. Fayil ɗinsa yana hawa ke nan. Ya jera amsoshin a cikin wata tsohuwar jakar fata, har yana iya nuna wa baƙo wanda yake zaton mataimakin darakta ne, saboda girman rubutunsa.

A wannan shekara jikarsa Hamna, wadda ta tashi a hannun Asta kuma take ajin ƙarshe a jami'a, ta samu gurbi a wani shiri na zangon karatu ɗaya a Abuja. Tsarin shi ne ɗalibi ya yi safiya a ofishin gwamnati yana koyon aiki, da yamma kuma ya zauna aji ana koya masa yadda ake tsara manufofin gwamnati da yadda ake aiwatar da su. An ba kowa dama ya rubuta ofishin da yake so. Hamna ta rubuta na kakanta, aka kuwa ba ta.

Ranar da za ta tafi, a farkon watan Agusta, ta same shi a zaure yana ninke takardarsa ta goma sha biyu.

"Angona, kawo in tafi maka da ita," in ji ta. "Gobe war haka tana kan teburin darakta."

"Amarya, ashe tun ba ki fara aikin ba kin koyi bin ƙofar baya? Takarda ba ta shiga ofis ta jakar jika. Ta gidan waya ta saba tafiya, ta nan za ta bi."

"To me zan kawo maka? Ko in samo maka 'yar Abuja, tunda na tsufa?"

"Wace 'yar Abuja za ta iya da kunun tsamiyata?" Ya yi murmushi, sannan ya gyara zama. "Abu biyu nake so. Ki duba mini teburin da fayil ɗin ya kai. Sannan ki samo mini sunayen mutanen nan goma sha ɗaya. Na daɗe ina yi musu addu'a ba suna, ina so in riƙa ambatonsu ɗaya bayan ɗaya."

Hamna ta ce an gama. Ta durƙusa ya dafa kanta, ta ɗauki jakarta ta fita neman keke mai ƙafa uku.

Washegari ya tafi Kasuwar Jalingo, shagon Peter, wanda ke buga wa mutane takardu a kwamfuta kuma yake da akwati a gidan waya. Duk takardun Malam Abbo ta hannunsa suka fita, duk amsoshin ta akwatinsa suka shigo.

"Baba, yarinyanka ya tafi Abuja, ko?" in ji Peter da Hausarsa ta kasuwa. "To bana katanga ya zo ke nan. Ka ajiye mini aikin kwasan dutse."

"Ka fara gyara harafin da injinka ke cinyewa, sannan mu yi maganar dutse," in ji Malam Abbo.

Makon farko Hamna tana kiransa kullum bayan la'asar. Ta ba shi labarin ginin mai hawa shida, da malaminsu na yamma wanda ya ce manufa mai kyau ita ce wadda ta fara da sauraron talaka. Malam Abbo ya ce wannan malami ya san aiki. A mako na biyu sai kiran ya ragu. Idan ya tambaye ta fayil, takan ce, "Kaka, ofis ɗin babba ne, ban gama gane shi ba." Idan ya tambayi sunayen, sai ta ce layin yana yankewa. Ya lura ta daina ce masa angonta. Ya ɗauka gajiya ce, domin shi ma shekararsa ta farko a ofis bai cika magana ba.

Ana cikin haka ruwa ya yi ƙarfi. Liman ya aiko cewa kogi ya cika fiye da na bara, kuma taku tara ya koma shida. Malam Abbo ya mayar da amsa cewa a ƙara haƙuri, yanzu yana da ido a cikin ofis ɗin.

A tsakiyar Satumba, wata ranar Talata da hantsi, Peter ya kira shi ya ce wasiƙa ta iso. Ya sa babbar riga kamar yadda ya saba a irin wannan rana, ya tafi. Ya zauna a bencin shagon, ya sa tabarau, ya yanke bakin ambulan da 'yar wuƙarsa. Layi ukun nan ne, ba ƙari ba ragi. Ya sauke idonsa ƙasa don ya ga sabon hannun.

Rubutun ya kwanta baya, irin na bahago. A ƙarƙashinsa an ja layi ɗaya miƙaƙƙe, an ɗiga ɗigo biyu a ƙarshensa.

Shi ya koya wa Hamna wannan layin da ɗigo biyun, tana 'yar shekara tara, a kan tabarmar zaure, ya ce haka akawun ƙwarai yake rufe sa hannunsa don kada wani ya ƙara komai a bayansa. Kwanciyar rubutun kuwa ya so ya gyara ta, Asta ce ta hana, ta ce a bar yarinya da hannun da Allah ya ba ta.

Da fari wani abu mai kama da alfahari ya taso masa. Bai daɗe ba ya koma. Malam Abbo akawu ne, ya san lissafi. Hamna ba ta cika mako shida a ofis ɗin ba. Idan teburin ɗaliba mai mako shida ne ya amsa takarda ta goma sha biyu, to a wane tebur aka amsa ta farko?

"Baba, lafiya? Sun ce yaya?" in ji Peter.

"Sun ce ana dubawa."

Ya ninke takardar. Bai jira la'asar ba, bai ma bar shagon ba, ya kira Hamna. Ta ɗauka a bugu na farko, kamar mai zaman jira.

"Na ga hannunki," ya ce.

Sannan ta fara magana a hankali. Ta ce aikin farko da ake ba kowane ɗalibi da ya zo koyon aiki ke nan. Akwai kwali a bayan ƙofa inda ake tara wasiƙun jama'a, akwai amsar a buge a kwamfuta, sai dai a sauya suna da kwanan wata. Ɗalibi ya sa hannu, ya buga hatimi, ya rufe ambulan. Bayan wata huɗu ya koma makarantarsa, wani ya zo.

"Mutum goma sha ɗayan fa?"

"Ɗalibai ne irina, Kaka. Na ga sunayensu a rajista. Mai babban rubutun nan wata yarinya ce, Murna."

"Fayil ɗin?"

"Yana nan a kabad na ƙasa. An adana shi da kyau, ba abin da ya ɓata." Muryarta ta karye. "Zanen da kake haɗawa, duk suna nan da allurar da Peter ya maƙala musu. Ba wanda aka buɗe. Na kai wa shugaban sashenmu da kaina, ya yaba da tsarin rubutunka, ya ce aikin ba na ofishinsu ba ne, kuma bai san ko na wa ba ne. Na tambayi malaminmu na yamma, ya ce misali ne mai kyau, in rubuta takardar ƙarshen zango a kansa."

Malam Abbo ya cire tabaransa ya riƙe a hannu.

"Ku nawa ne a ofis ɗin?"

"Mu uku."

"To me ya sa ba ki bar wani ya sa hannun ba?"

"Na ba abokin aikina, har ya ɗauki biro, na karɓe. Da ya sa, da ka ƙirga tebur na goma sha biyu ka ƙara jiran wata shekara. Na yi ta ɗaukar waya in gaya maka, bakina ya kasa. Kaka, Inna Asta saura taku nawa?"

Ya dubi takardar, ya dubi layin da ɗigo biyun. A zamaninsa, akawun da ya ga kuskure a fayil kuma ba shi da ikon faɗa wa na sama da shi, yakan sa hannunsa a inda mai hankali zai gani ya gane. Bai taɓa koya mata wannan ba.

"Kin yi aiki yadda ake yinsa," ya ce. "Ki share hawayenki ki koma teburinki, kada a ce jikar Abbo ta bar aiki da rana. Ki gama zangonki. Takardar da malaminku ya ce, ki rubuta ta, ki sa lissafin takun daidai. Arba'in da biyu ne farkonsa."

Da asubar Laraba ya shiga motar Lau. Hanya ta lalace, sai bayan azahar ya isa ƙauyen, ƙarshen tafiyar ma a kwalekwale. Liman ya tarye shi bai ce masa komai ba game da shekarun da suka wuce, shi ma bai nemi a ce ba. Suka nufi maƙabarta tare da maza shida masu fatanya da sabon likkafani.

Kogin ya yi ja, yana tafe da rassan itatuwa. Layin kaburburan da ke gaban na Asta babu shi, har da na wata ƙanwarsa da ta rasu tana goyo. Gaɓar ta tsage kamar an yanka ta da wuƙa. Malam Abbo ya tsaya a kan kabarin matarsa, ya taka zuwa bakin ruwa kamar yadda ya saba. Taku biyu ne da rabi.

Aka kafa zana aka kewaye wurin. Shi bai iya riƙe fatanya ba, sai ya tsaya daga waje, ya juya wa kogin baya, yana jin ƙarar ƙasa tana zuba. Kafin magariba an mayar da Asta kan tudu, kusa da wata tsamiya, aka yi addu'a aka shafa.

Da mutane suka watse ya ce wa Liman, "Ƙanwata Balaraba tana layin gaba. Bara da ka yi mini magana tana nan."

"Tana nan," in ji Liman. "Allah ya san inda take yanzu."

Ya kwana biyu a ƙauyen ya dawo Jalingo. A zaure ya buɗe jakar fatar, ya fito da amsoshin goma sha ɗaya, ya ɗora ta goma sha biyu a kansu bisa tsarin kwanan wata, domin bai iya ajiye takarda ba bisa tsari ba. Da la'asar wayarsa ta yi ƙara.

"Kaka, an samu?"

"An samu Innarki. Ba a samu Balaraba ba."

Sannan ya ce ta turo masa sunayen nan goma sha ɗaya duk da haka, tunda ya riga ya yi niyyar addu'ar, kuma yara ne aka ba su biro. Ta ce za ta turo. Ya ce ta fara da Murna.