Teburin da Baba Ya Gyara

"Wa ya sa ka, Baba? Wa ya ce ka taɓa shi?"

Auta ce ke wannan faɗan a tsakiyar falonta, ko jakar tafiya ba ta sauke ba. Mahaifinta, tsohon kafinta, yana tsaye a gefen tebur da tsumma a hannu, duk farcensa fenti.

"Sai an sa ni? Ina zaune cikin gida, ina ci ina sha, tebur ya tsage in zuba masa ido?"

Gidan Auta dai fari ne tas. Bango fari, ƙasa fara, kujera ɗaya doguwa mai ruwan toka, shi ke nan kayan falo. Ƙawayenta in sun zo sai yabo, da sun shiga mota sai su ce ɗakin jiran likita. Maganar ta dawo kunnenta, ga shi kuma ƙawata gidajen mutane ne sana'arta. Sai ta ce ɗumi gidan ya rasa. Ta kafa tabarmar kaba a bango inda ba mai zama, ta cusa busasshiyar ciyawa a tulu. Sannan ta sa aka kawo teburin: falle guda na tsohon kututture, da ɓawonsa a gefe, da tsaga tun daga wannan kai har wancan, ba fenti ba komai. Yau kuma mai hoton wata mujalla zai zo ɗaukar falon.

Tafiyar aiki ta kama ta, tsoho ya samu fili. Ya zare ɓawon da zarto, ya daidaita kusurwa huɗu, ya kwaɓa garin katako da gam ya cike tsagar, ya goge, ya shafe shi da fenti mai sheƙi. Yanzu mutum zai iya ɗaura ɗankwali yana kallon kansa a ciki.

"Tsagar nan ita na nema," in ji Auta. "Gari na zagaye kafin na samu mai irinta. Tsufansa shi ne kyansa, Baba. Yanzu ka mayar mini da shi teburin shugaban makaranta."

"Tsufa ne kyau?"

"A katako, e."

Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Lokacin da matarsa ta rasu aka ɗauko shi zuwa gidan nan, da kujerarsa ya zo, wadda ya ƙera da hannunsa tun kafin a haifi Auta. Aka ce ba ta shiga da falon ba. Tana can ɗakin ajiya, an kifa mata bokitin goge ƙasa.

"Kujerata ma ai tsohuwa ce," ya ce.

"Wannan daban."

Mijin Auta, wanda tun ɗazu yake leƙe daga bakin ɗaki yana latsa waya, ya ga lokacin sa baki ya yi. Mutum ne da ba ya magana sai ya tabbatar ɓangaren da zai ci.

"A rufe shi da mayafi mana. Kuma Baba, kada ka ɗauka da zafi, zaman banza ne yake damunka. Da ma mun yi magana da Yaya, babban ɗanka. Gidansa akwai fili a baya, ka buga ƙusarka yadda kake so."

"Kun yi magana," in ji tsohon, yana duban 'yarsa.

Auta ta shiga gyara ciyawar tulu da ba abin da ya same ta.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa. Nan take fuskar Auta ta washe kamar ba ita ba. Ta jefa farin mayafi a kan teburin, ta rage murya.

"Don Allah Baba ka shiga ɗaki har su gama. Sai mu yi magana."

Bai kai ga motsawa ba mai hoto ya shigo, wani siriri da jakunkuna a kafaɗa. Ya dubi tabarma, ya dubi tulu, ya taɓe baki. Ya juya ya ga tsoho da tsohuwar rigarsa ta aiki, garin katako a gemu, hannuwa duk sun faffashe. Sai ya tsaya cak.

"Wannan fa? Mai aikinku ne?"

"Mahaifina ne."

"Ai ya fi ma. Kin ga abin da falon ya rasa ke nan. Baba, zauna nan ƙarshen kujera, ka ɗora hannuwan a gwiwa. Kada ka kalle ni, taga za ka kalla."

Auta ta karkata kai tana auna mahaifinta da ido, yadda take auna labule.

"Ka zauna, Baba," ta ce a hankali. "Kada ka wanke hannun tukuna."

Tsohon bai zauna ba. Ya ninke tsumman nan sau biyu, ya ajiye a kan hannun doguwar kujerar, inda ya san zai bar tabo.

"Ki gaya wa yayanki ya share filin. Kujerata kuma a aiko mini."

"Haba Baba, gaban baƙo?"

Ya zura takalmansa ya fita, ya fizgo ƙofar da duk ƙarfin da ya rage masa. Ashe irin ƙofofin nan ce ta zamani da ba sa yarda a buga su. Ta tsaya a rabi, ta bi shi sannu a hankali, ta rufe kanta ko ƙara babu.