Hular da Ta Saci Rago

A unguwar bayan tasha ta garin Zango, in dai Inna Shatu ta ce ta gani, magana ta ƙare. Shekara da shekaru tana tuyar ƙosai a ƙofar gidanta, kuma daga kan wannan kujerar 'yar tsugunno take kallon duniya. Ta san wanda ya sayi sabon babur, ta san wadda ta yi yaji tun kafin mijin ya farga. Ita da bakinta takan ce idonta bai taɓa cin amanarta ba, kuma in za a faɗi gaskiya, tana yawan faɗar hakan har ya gundiri mutane.

Sai ga shi ana jajiberin suna a gidan maƙwabcinta Anwar, wanda matarsa ta haifi 'yar fari, ragon suna ya yi ɓatan dabo. Da safe yana ɗaure a gindin darbejiya, hantsi na yi sai turke da igiya. Anwar ya fito yana salati, mata suka leƙo, aka bazu lungu lungu ana cigiya. Inna Shatu kuwa tunani ya ɗauke mata hankali har ƙosanta ya ƙone a kasko, domin ita ta ga wanda ya kwance ragon ya ɗora a babur. Yana sanye da doguwar hula mai zanen kore da ruwan goro, kuma duk unguwa an san wannan hular ta Zakiyyu ce.

Zakiyyu tela ne, ɗan Sandamu, ya buɗe shago a bakin tasha. Shi ne ke neman auren autar Inna Shatu, Fadila, har an sa rana bayan girbi. Inna na ƙaunar yaron nan saboda kunyarsa. Tun da ya fara neman Fadila bai taɓa bi ta gaban kaskonta ba, sai ya zagaya ta lungun baya. In kuwa gaisuwa ta kama, tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, kai a ƙasa. Ita ma sai ta ja mayafi ta kau da fuska, ta amsa a gajarce, kamar yadda surukar kirki ke yi.

Ta so ta yi shiru, Allah ya sani. Amma ta tuna jaririyar da za a raɗa wa suna ba rago, ta tuna kuma cewa ɓoye shaida ba abin wasa ba ne. Ta yafa mayafi, ta nufi gidan Mai Unguwa Ɗantsoho ta faɗi abin da ta gani.

Kafin azahar labari ya game unguwa, don zancen duniya ba ya ɓuya. Baffan Fadila, Malam Mati, wanda shi ne waliyyinta, ya aiko da cewa in har ta tabbata, za a mayar da kayan sa rana a yau ɗin nan, ba za su ba ɓarawo 'ya ba. Fadila ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Inna ta zauna a tsakar gida tana jin kukan 'yarta, tana tsine wa idon da take alfahari da shi.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Mai Unguwa. Zakiyyu ya ce shi da sassafe ya tafi Daura sayen zare, bai dawo ba sai da rana ta take. Hular kuwa, in ji shi, a jikin ƙusa take kwana a shago, ƙofa a buɗe, duk saurayin da zai je zance sai ya ɗauka ya mayar. Aka juya ga samarin unguwa a ji ta bakinsu. Kowanne ya shiga kallon ƙasa. Wa zai yarda, a gaban iyayen budurwarsa, cewa da hular aro yake zuwa taɗi? An kuma aika shagon an sami hular a rataye, sai mutane suka fara girgiza kai suna cewa biri ya yi kama da mutum.

Mai Unguwa Ɗantsoho dattijo ne mai son raha, kuma ba ya yanke magana da zafinta. Duk wannan zaman Inna Shatu na cikin gida wajen matansa, don ba ta iya zama a inda surukinta yake. Sai Mai Unguwa ya kira wasu samari baƙi da suka zo suna daga Mai'adua da Daura, ya jera su tare da Zakiyyu, ya ce kowa ya tuɓe hula ya tsaya kai a ɗage. Sannan ya sa aka kira ta.

“Shatu,” in ji shi, “ga su nan. Nuna mana Zakiyyu.”

Ta ɗan yi tsaki a ranta, wannan ai wasan yara ne. Ta ɗaga ido ta bi layin daga farko zuwa ƙarshe. Ta sake bi daga ƙarshe zuwa farko. Fuskoki ne dai ga su nan, wani dogo, wani mai saje, wani baƙi wuluk, amma babu wadda ta ce mata komai. Da ta ga shirun ya yi yawa, sai ta nuna dogon, don dai shi ya fi kama da mai kunya.

Wurin ya ɗauki dariya. Wanda ta nuna ƙanen mai jego ne, da rana ma ya sauka daga motar Mai'adua.

Nan take abin ya faɗo mata. Tun da take da Zakiyyu, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Shi kansa a ƙasa, ita fuskarta a gefe. Abin da ta sani nasa kaf shi ne saman hularsa.

“Fuska kika gani ɗazu, ko hula?” Mai Unguwa ya tambaye ta a hankali.

“Ranka ya daɗe, hula na gani,” ta ce. Rabon da ta ji daɗin faɗuwa a magana irin na yau har ta manta.

Malam Mati ya gyara murya zai ce to ai har yanzu ba a ga rago ba, sai aka ji ƙarar babur da kukan dabba. Harisu ne, taubashin Anwar, abokin wasansa tun na yarinta. Ga ragon a gabansa an sa masa lalle a goshi, an ɗaura masa ɗankwali a wuya. Ashe shi ya kai shi gidan mahaifiyarsa ya ɓoye, ya mayar da hula, ya wuce gona yankan gero, bai san wainar da ake toyawa ba. Ya sauka yana taƙama, yana cewa Anwar ba zai ga ragonsa ba sai ya fanshe shi da goro, kamar yadda taubasai ke yi wa juna. Da aka tambaye shi dalilin sa hular, sai ya sosa ƙeya ya ce hanyar ta bi ta ƙofar gidan su wata budurwa ne.

Daga nan bakin samari ya buɗe. Wannan ya ce ya taɓa aron hular, wancan ya ce shi ma. Har Anwar, yana rungume da wuyan ragonsa, ya ce da ita ya je gaisuwar surukai. Mai Unguwa ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe hular nan ta fi kowa aure a unguwar. Malam Mati ya ce rana tana nan inda aka sa ta. Daga bayan katanga wata ta rangaɗa guɗa, aka ruga a gaya wa Fadila.

Zakiyyu kuwa, da ya ga surukarsa tsaye, sai ya zame takalmi ya durƙusa kamar kullum, kai a ƙasa. Inna Shatu ta kai hannu za ta ja mayafi, sai ta fasa.

“Ɗago kanka, ɗan nan,” ta ce. “Yau dai kunya ta yi haƙuri.”

Ya ɗago da ƙyar. Ta dube shi da kyau, a gaban kowa, ba gaggawa. Yana da wushirya, da ɗan tabo a gira ta hagu, idanunsa sun yi ja saboda wunin da ya sha. Tausayi da farin ciki suka cika mata zuciya.

“Ka yafe mini,” ta ce. Sai ta juya wajen matan da ke leƙe ta ƙara da cewa, “Ashe Fadila ta fi ni ido.”