Sunan Maƙerin da Ke Cikin Ƙota

Da yaƙi ya ƙare, sojan Amurka suka ba da umarni kowane hafsa na ƙasar da suka ci ya kai takobinsa ofishin 'yan sanda. Kyaftin Kuroiwa Tokuji ya so ya je shi kaɗai, amma tsohonsa, Genzaburo, ya rantse ƙafarsa ƙafar ɗan nasa. Takobin na kakanni ne, shi ya damƙa masa ran tafiya fagen daga, kuma ya ji an ce duk takobin da aka ga sunan tsohon maƙeri a jikinsa za a bar wa masu shi a matsayin gado.

Tun daga gida har bakin ofis Tokuji yake lallashi. Ya ce akwai sanyi, ya ce layin da tsawo, ya kawo maganar ciwon gwiwa. Tsoho ya ce yaran yanzu sun zubar da ƙasa, ba zai zauna su zubar masa da gida ba.

A tsakar ofishin an tara takubba kamar itacen girki. Wani sojan Amurka na zaune a kan buhu yana taunar cingam, yana zungurar tarin da takalmi. Tokuji ya kau da kai. Tsoho kuwa sai zuba yake wa mutanen layi, yadda maƙerin takobinsu ya yi wanka da ruwan sanyi kafin ya ɗaga guduma, yadda ba a taɓa numfasawa a kan kaifin ba sai da takarda a baki.

Da layi ya zo kansu, mai duba takubban ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya bugo 'yar ƙusar gorar da ke riƙe ƙota, ya zare ƙotar. A wutsiyar ƙarfen nan da ke shiga cikin ƙota maƙera ke sassaƙa sunansu. Ya juya nan, ya juya can. Wutsiyar guntuwa ce, bakinta fari fat.

"Baba, an yanke ta. Babu suna."

Tsoho ya ce a sake dubawa. Tokuji ya sunkuyar da kai ya ce ba sai an duba ba. Takobin ya fi kuben soja tsawo, kuma doka ba ta yarda hafsa ya rataya wani kube ba, shi ne ya sa aka rage shi ta wajen wutsiya.

"Kai ɗan nan, don kube ka yanke takobi?"

"Umarni ne, Baba."

"Ai kuwa kun iya bin umarni."

Tokuji ya roƙi mai dubawa ya kalli ruwan ƙarfen, ai ko makaho ya shafa ya san tsohon aiki ne. Mutumin ya ce shi ya gani, amma Ba'amurke suna kawai yake nema. Ya mayar da ƙota, ya ɗora takobin a hankali kan tarin.

Tsoho ya juya ya kama hanya. Tokuji ya miƙa hannu zai tallafe shi a matakala, ya ture hannun, ya sauka da sandarsa.